Ƙusa, sanda da haƙƙin mai gida: yadda ake rataye labule ba tare da an lalata taga ba

A kanun labaran siyasa, labule ya daɗe da zama kalmar yau da kullum. Da an ce gwamna ya sa labule da 'yan majalisa, kowa ya san an rufe ƙofa an sallami 'yan jarida. Labulen zahiri kuwa, ƙyallen da ke tare idon mai wucewa da zafin rana da ƙurar hunturu, ba kasafai ake tambayar abin da ke riƙe da shi ba, sai ranar da ya faɗo tare da guntun filasta, ko ranar da ɗan haya ya kwashe kayansa mai gida ya shigo yana ƙirga ramuka a bango. A irin wannan rana ce ƙusar da ba ta kai a yi cinikinta ba take haddasa gardamar da za ta kai gaban mai unguwa, wani lokaci har gaban alƙali.

Kayan rataye labule kashi uku ne. Akwai abin da ƙyallen ke tafiya a kansa: sanda, bututun ƙarfe, waya ko igiya. Akwai mariƙan da ke tallafe sandar daga gefe biyu. Sannan akwai abin da ke haɗa mariƙan da gini, wato ƙusa, ko sukuru mai murɗi, ko gam, ko maganaɗisu, ko matsi kawai. Mai saye ya fi zuba ido ga na farko, domin shi ne mai ƙyalli da ado. Ɓarna kuwa kusan duka daga na uku take fitowa, kuma ba a iya zaɓensa daidai sai an san irin bango da irin tagar da za a yi aiki a kansu.

A Balan, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Gaya a gabashin jihar Kano, wannan tambaya ba ta da amsa guda, domin a layi ɗaya ana iya samun ginin ƙasa, da ginin ƙasar da aka yi wa shafen siminti, da ginin bulo mai tagar alminiyom. Haka abin yake a cikin garin Gaya da garuruwan Ajingi irin su Toranke da Balare. Yadin labule daga Kantin Kwari ake sarowa, ƙarafa da ƙusoshi daga Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, kuma da yawa daga cikin sanduna da mariƙan da ke shagunan an ƙera su ne a ƙasashen waje, don gidajen da ba su yi kama da ko ɗaya daga cikin ukun nan ba.

Asabari ya riga sanda

Ginin Hausa na gargajiya bai bar wa labule wani babban aiki a taga ba. Tagar ɗakin ƙasa 'yar ƙarama ce, tana can sama kusa da rufi, don iska da ɗan haske, kuma mai wucewa ba ya iya leƙa ta. Sirrin gida tsarin ginin ne ke kare shi: baƙo ya tsaya a zaure, ƙofofi ba sa kallon juna, sai an karkata kafin a faɗa tsakar gida. Inda ake buƙatar shamaki shi ne bakin ƙofar ɗaki, can kuma aka rataye asabari, wanda ake naɗewa sama idan ana son haske, a sake shi idan ana son sutura. Mai ƙaramin ƙarfi ya jingina tufaniya. Wanda ya dubi asabari da kyau zai ga ɗan'uwa ne ga makarin taga mai naɗewa da kantunan birni ke sayarwa yau da tsada: yana tare ido, iska na ratsa shi, ba shi da nauyi.

Abin lura shi ne yadda ake rataye shi. Magini ya san ƙasa ba ta riƙe ƙusa, saboda haka tun gini yana ɗanye yake soka turakun itace a inda za a buƙaci maratayi, ko kuwa a ɗaura igiya a azarar da ke saman ƙofa. Azara, wadda ake faskarowa daga giginya, gara ba ta cika cin ta ba, kuma tana ɗaukar nauyin rufi balle na asabari. Wurin rataya ke nan wani sashe ne na ginin, ana tanadinsa tare da ƙofar. Wannan ɗabi'a ce ta salwanta da bulo da manyan tagogi suka shigo. Taga ta faɗaɗa, ta sauko daidai idon mai tafiya a hanya, buƙatar labule ta ninka, amma ba wanda ya gaji aikin tanadar masa mazauni. Birkila ya gama ya tafi, mai walda ya kafa ƙarfe ya tafi, mai fenti ya wanke burushi ya tafi, aka bar mai shiga ɗaki da guduma a hannu.

Abin da ke bayan fenti

Bangon ƙasa zalla shi ya fi sauƙin fahimta. Ƙusa na shiga ba gardama, tana kuma fita ba gardama. Duk jan labule sai ramin ya ƙara faɗi, har ta zare. Abin da ke tsayawa a irin wannan bango shi ne dogon turken itace mai kauri, wanda aka karkata bakinsa sama kaɗan, domin faɗinsa na raba nauyin ga ƙasa mai yawa. Ramin da ya bari kuma ana toshe shi da kwaɓi a yini guda, shi ya sa ginin ƙasa bai cika jawo rigimar haya ba.

Wanda ya fi yaudara shi ne bangon ƙasa mai shafen siminti, irin wanda ya yawaita a karkarar Kano. A ido kamar ginin bulo yake. A gaskiya ɓawo ne siriri da ke manne da ƙasa ba da wani ƙarfi ba, saboda siminti da ƙasa ba sa motsi tare idan zafi da laima suka sauya. Dukan guduma na raba ɓawon da bangon a faɗin da ya fi ramin ƙusar nesa ba kusa ba. Ana gane wurin da ya rabu idan aka ƙwanƙwasa aka ji amo kamar na ganga. A kusa da taga wannan tsaga na iya zarcewa waje, ruwan damina ya samu hanya, kuma ruwa a cikin bangon ƙasa ba ƙaramin abokin gaba ba ne.

Bulo kuwa, mai inci 6 ne ko mai inci 9, cikinsa rami ne, namansa siriri. Ƙa'idar da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Najeriya ta gindaya, mai lamba NIS 87, ta fayyace ƙarfin da bulo ya kamata ya kai, amma binciken injiniyoyi a jami'o'in ƙasar ya sha nuna cewa bulon kasuwa da yawa ba ya kai wa ga mizanin, saboda ana ƙara yashi a rage siminti don buhu ɗaya mai kilo 50 ya ba da bulo da yawa. Tsadar siminti, wanda buhunsa ya haura naira 10,000 a wurare da dama a watan Fabrairun 2024, ba ta taimaka ba. Irin wannan bulo ƙusar kankare na farfasa shi ta ciki, sai ta tsaya da filasta kaɗai. A saman taga daidai kuma akwai linta, kankare mai rodi a ciki, wanda ƙusa ke lanƙwashewa a kansa ko ta tsinke ta tashi sama, abin da ya sha yi wa mutane lahani a ido. Mai rataye labule yana tsakanin biyu ke nan: inda ya dace da sandar ya yi tauri ainun, gefensa kuma ya yi taushi ainun. Daga nan ake samun ramuka biyar ko shida a jere, kowanne shaidar yunƙurin da bai yi nasara ba.

Idan bango ya gagara, sai hannu ya koma kan firam ɗin tagar, kuma nan ce ɓarnar da ta fi tsada. Firam ɗin katako yana karɓar sukuru, ramin kuma na toshuwa, sai dai ƙusa mai kauri a kusa da baki tana tsaga shi. Na ƙarfe, aikin masu walda, idan aka huda shi fenti ya fashe, tsatsa ta samu mafari. Na alminiyom shi ne ba ya yafiya. Bututu ne mai siririyar fata, sukuru ba ya samun abin kamawa sai kaɗan, ramin ba ya cikuwa, kuma gefen gilashi na zaune ne a cikin kwarin firam ɗin, ta yadda tsinin sukuru na iya taɓa shi ya tsage daga kusurwa zuwa kusurwa. Gyaransa sauya sashen ne gaba ɗaya.

Nauyin ƙyalle

Mutane kan raina nauyin labule saboda sun ɗauke shi a leda. Lissafi kaɗan na gyara wannan zato. A ɗauki taga mai faɗin mita 1.2. Don labule ya yi tattara ana ninka faɗin, ya zama mita 2.4, tsawo kuma mita 2.2. Idan yadin mai kauri ne, wanda kowane murabba'in mita ya kai giram 300, nauyin ya haura kilo ɗaya da rabi. A ƙara shara-shara a baya, a ƙara bututun ƙarfe biyu da zobba, an doshi kilo uku ko huɗu. Labulen da ya rufe bango mai mita 4 daga silin zuwa ƙasa yana iya wuce kilo 6 kafin a sa sanda.

Nauyin tsaye ma ba shi ne matsalar ba. Mariƙin da ya fito santimita 10 daga bango yana aiki ne kamar bayan guduma da ake zare ƙusa da shi: abin da ke jan sandar ƙasa yana komawa fizgar ƙusar sama zuwa waje. Ga jan safe da yamma, ga yaro da ke lilo da gefen ƙyalle, ga iskar hadari da ke cika labule kamar tanti. Duk abin da za a riƙe sanda da shi dole ya jure fizga, kuma ƙusa santsi gare ta, ba ta da abin da ke hana ta fita sai matsin abin da ke kewaye da ita.

Hanyoyin da ba sa buƙatar huda

Sanda mai sufirin a ciki ita ce aka fi sani a duniya. Bututu biyu ne, ɗaya cikin ɗaya, ana murɗawa har tsawonta ya ɗan zarce faɗin tagar, a matsa ta a tsakanin gefe biyu, robar da ke bakinta ta kama. Ba ta barin tabo. Sharaɗinta shi ne tagar ta kasance da zurfi a cikin bango, gefunan kuma su miƙe su yi tauri. A ginin bulo mai inci 9 yawanci ana samun wannan zurfi. A mai inci 6, bayan an sa ƙarafan tsaro da ragar sauro, sau da yawa ba abin da ya rage. A bangon ƙasa ba ta da amfani, domin matsin nata na ci cikin ƙasar har ta saki. Tana ɗaukar labule marar nauyi, kuma gwargwadon tsawonta gwargwadon lanƙwasarta a tsakiya. Aibinta ɗaya a wannan yanki: tunda labulen a cikin tagar yake, haske da ƙura na zagayowa ta gefe.

Maratayi mai gam a baya, irin wanda kamfanin 3M na Amurka ya fito da shi da sunan Command a 1996, ya yi farin jini saboda ana zare gam ɗin ba tare da ya bar alama ba. Amma kamfanin da kansa ya iyakance amfaninsa na cikin ɗaki tsakanin digiri 10 zuwa 40 a ma'aunin Salshiyas, kuma ya ce ba a yi shi don bango mai kaushi ba. A Kano zafin watan Afrilu na kai wa digiri 40, bangon yamma a ƙarƙashin rufin kwano kuma ya fi iskar waje ɗumi da la'asar. Gam ya yi laushi, ya fara zamewa. Ga kuma matsalar fenti: gam ba ya kama bango, fenti yake kamawa, don haka ƙarfinsa bai wuce ƙarfin da fentin ya manne da filasta ba. Fentin ruwa mai araha da farar ƙasa, waɗanda ke barin gari a tafin hannu idan an shafa, suna ɓallewa tare da maratayin, su bar tabon da ya fi ramin ƙusa muni. A kan tayil, gilashi, alminiyom ko fentin mai, idan an goge ƙura sosai, yana riƙe shara-shara. Na kwaikwayo da suka cika kasuwa, waɗanda gam ɗinsu ba ya zaruwa, sun fi ƙusa ɓarna.

Maganaɗisu na aiki a kan firam da ƙofar ƙarfe, waɗanda su ne suka fi yawa a Gaya da Ajingi, amma ba ya kama alminiyom ko kaɗan, abin da masu saye da yawa ba sa sani sai sun isa gida. Ƙarfinsa na hana zamewa ƙasa bai kai ƙarfinsa na hana fizgowa ba, kuma kaurin fenti na rage shi. Ya dace da ƙaramin ƙyalle a ƙofar shago ko tagar banɗaki. Akwai kuma mariƙai masu matse bakin firam kamar haƙori, waɗanda aka ƙera don tagogin Turai da Amurka masu katako a kewaye ko masu buɗewa ciki. A tagar alminiyom mai zamewa sukan hana ta rufuwa, a tagar da filasta ta shafe bakinta kuma babu abin da za su ciza.

Hanyar da ta fi dacewa da gidajen wannan yanki ba a kanti take ba, tana jikin tagar tun farko: ƙarafan tsaro. An dasa su cikin bango don su gagari ɓarawo, saboda haka nauyin labule ba komai ba ne a gare su. Ana iya ɗaura siririyar sanda a ƙarfen sama da waya mai rufin roba, ko a rataya ƙugiyoyi biyu masu lanƙwasa a ɗora sandar a kai, ko a ja waya mai sufirin daga ƙarfen gefe zuwa na gefe. Idan aka naɗa guntun robar tayar keke a inda ƙarfe zai taɓa ƙarfe, fenti ba zai goge ba. Ɗalibai da masu yi wa ƙasa hidima sun daɗe da gano wannan da kansu, ko da yake yawanci da igiyar leda suke yi, wadda rana ke cinyewa cikin 'yan watanni ta bar labule ya yi ciki a tsakiya.

Idan huda ta zama dole

Labule mai nauyi ba shi da makawa sai an kafa shi a bango, kuma a nan bambanci tsakanin ɓarna da aiki mai kyau ɗan guntun roba ne da ake kira fisha. Sunan daga Artur Fischer ya samo asali, Bajamushen da ya ƙirƙiro irin wannan roba a 1958. Kafin shi, John Joseph Rawlings a Ingila ya fito da makamancinta tun wajen 1911, kafin nan kuma magina kan sassaƙe rami su tusa katako, dabarar da har yanzu kafintocin karkara ke yi inda babu lantarki. Manufar ɗaya ce: a huda rami daidai kaurin fishar, a tura ta, sukuru ya shiga ya buɗa ta, ta cika ramin ta kama ko'ina. Babu duka, don haka babu tsaga. Ranar tashi a kwance sukuru, a cike ramin da ɗan siminti ko abin cike bango, a taɓa fenti.

Ƙa'idojin kaɗan ne. A nisanci bakin taga da aƙalla santimita 10, domin kusurwa ce ke ɓallewa. A bulo, a nemi inda yake da nama ko layin simintin da ke tsakani. Kada a huda a saitin soket ko makunni, sama ko gefe, domin ta nan bututun waya ke bi a cikin bango. Sandar da ta wuce mita 2 tana buƙatar mariƙi na uku a tsakiya.

Mai gidan haya da ke son bangonsa ya daɗe yana da mafita mai arha: ya kafa siririn katako a saman kowace taga sau ɗaya, da fisha uku ko huɗu, a shafa masa maganin gara a yi masa fenti. Duk ɗan hayar da ya zo a katakon zai ɗaura sukuru, kuma idan katakon ya gaji a sauya shi bango na nan lafiya. Turken maginin gargajiya ne ya dawo da wata kama.

Ranar jere

Babu ranar da bango ke shan wuya kamar ranar jere. Bisa al'ada ango ne ke samar da muhalli, iyayen amarya su kawo kayan ɗaki, kuma 'yan'uwanta mata ne ke zuwa su shirya ɗakin kwana ɗaya ko biyu kafin a kai ta. Lokaci ya ƙure, labulen shi ne mafi nauyi da aka iya saye domin idon 'yan ganin ɗaki, mai kafawa kuma sau da yawa wani yaro ne da aka kira daga maƙwabta. Ango, wanda shi ya karɓi gidan daga hannun mai shi kuma shi za a tambaya, al'ada ba ta ba shi bakin magana a wurin ba. Maganin wannan a yi aikin kafa mariƙai mako guda kafin jere, bayan an tambayi dangin amarya faɗin labulen da sanduna nawa ne, ta yadda ranar sai dai a zura a ɗora.

Ɗakin amarya kuma shi ne inda labule mai jan ƙasa ke haɗuwa da kaskon turaren wuta. Yawancin yadin kasuwa na roba ne, yana narkewa yana ɗiga idan ya kama. Labulen da ya tsaya ɗan yatsa biyu sama da daɓe, nesa da kasko da kyandir da maganin sauro mai hayaƙi, ya fi aminci, musamman da hunturu, kuma musamman a ɗakin da tagarsa ke da ƙarafan da ba a fita ta cikinsu. Makarin taga mai igiya ko sarƙa, wanda ya fara shiga gidaje daga ofisoshi, yana da nasa haɗarin: zargen igiyar na shaƙe ƙananan yara. Wannan ne ya sa Turai ta tsaurara ƙa'idarsa a 2014, Amurka kuma daga ƙarshen 2018 ta koma sayar da na kan kanta ba tare da igiyar da yaro zai iya kamawa ba. Inda ake da shi, a ɗaure igiyar can sama.

Wa zai biya?

Masu haya a Gaya da Ajingi ba su kai na birni yawa ba, amma rukuni ne sananne: malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da aka turo, masu yi wa ƙasa hidima na shekara guda, sababbin ma'aurata, da ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil da ke maƙwabtaka. Akasarin yarjejeniyarsu ta baka ce, a gaban dillali ko wani dattijo, kuma ba a cika ambaton ƙusa ba.

A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na Kano ke bi, ɗan haya amintacce ne. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai, ta nuna cewa wanda ya yi hayar abu ba ya biyan abin da ya lalace a hannunsa, kuma ana gaskata shi sai in ƙaryarsa ta bayyana. Malamai sun ƙayyade wannan da cewa bai yi sakaci ko ƙetare iyaka ba, kuma al'adar wuri ce ke nuna iyakar. Rataye labule amfani ne da kowa ya san ana yi da ɗaki, don haka ramuka biyu masu tsabta a kowane gefe da wuya a kira su ta'adi. Huda firam ɗin alminiyom ko fasa gilashi wani abu ne daban. Dokar da Najeriya ta gada daga Ingila ma kusan nan ta tsaya: tsufan da amfani na yau da kullum ke jawowa ba ya kan ɗan haya, ɓarna kuwa tana kansa, kuma yana da ikon cire abin da ya kafa don amfaninsa matuƙar cirewar ba za ta lalata ginin ba. Kotunan Jamus, ƙasar da kusan rabin jama'arta ke zaman haya, sun bi irin wannan rabo: huda bango daidai kima halal ne ga ɗan haya, huda firam ɗin tagar roba ba tare da izini ba kuwa ɓarna ce.

Inda ake shan wahala shi ne hujja. A Ingila tun 2007 ake tilasta sanya kuɗin jinginar haya ƙarƙashin kariyar wata hukuma ta daban, wadda ke raba gardama idan ta taso. A nan kuɗin, inda ake karɓarsa, a aljihun mai gida yake, shi ne mai ƙara shi ne mai hukunci. Abin da ya rage wa ɗan haya shi ne hoton kowace taga a waya ranar shiga, da izinin huda a rubuce, ko da saƙon waya ne.

Tagogin gwamnati

Batun bai tsaya ga gidaje ba. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kare sirrin mai naƙuda cikin sharuɗɗan kulawa ta mutunci, kuma a ƙasar Hausa mace na iya ƙaurace wa awo saboda taga da ke kallon hanya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware kashi 15 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko don gine-gine, kayan aiki da sufuri, kuma labule da sandarsa na cikin mafi arhar abin da wannan kaso zai iya saye. Duk da haka abu ne sananne a ƙananan asibitocin karkara a ga an tare taga da zane ko kwali, saboda takardar kwangila ta lissafa taga ba ta lissafa abin rataya ba. Labulen asibiti kuma dole ya zama mai sauƙin cirewa don wanki, abin da ƙyallen da aka buga wa ƙusa ba ya bayarwa. Kwamitocin raya mazaɓa da ke sa ido kan waɗannan cibiyoyi suna da damar tambaya tun kafin a karɓi gini.

Tarihin baka na cewa maƙeran farko da suka zauna a gindin Dala don neman tama daga Gaya suka fito, har yau kuma ana kiran zuriyarsu Abagayawa. Aikin da ake buƙata daga magadansu masu walda ƙarami ne: guntayen ƙarfe biyu, kowanne kamar santimita 15, a lanƙwasa bakinsu su zama mazaunin sanda, a haɗa su da kusurwoyin sama na ƙarafan tsaro ta yadda za su leƙo cikin ɗaki su zarce kaurin filasta. Lokacin faɗa wa mai walda shi ne ranar da aka ba shi awon taga. Bayan an kafa ƙarfe an sa gilashi an yi fenti, tartsatsin walda na ƙona fentin ya kuma bar tabo a gilashin da ba ya goguwa.